Bazarar da Aka Rufe wa Marlys Sama

Shekara talatin da ɗaya Marlys Tveit ta yi tana dafa wa yaran makarantar firamaren Cutler Creek abincin rana, har ta kai ga da wuya ka sami baligi a garin wanda bai taɓa miƙo mata faranti ba. Shi ya sa ba ta jin nauyin kowa. Ko ɗan sandan gunduma ne ya tsayar da ita a hanya, sai ta sauke gilashi ta tambaye shi ko har yanzu yana cusa dafaffen wake a aljihu don kada a tilasta masa ci. Gajeruwa ce kakkaura, kanta fari fat da furfura, muryarta kuwa irin wadda ta saba ratsa hayaniyar yara ɗari biyu.

Tuƙin jirgi da girmanta ta koye shi, kuma ba da niyya ba. 'Yarta Britta ce ta kafe tun tana shekara goma sha biyar sai an kai ta koyo. Duk Asabar Marlys kan kai ta ɗan filin jirgin da ke bayan gari, wanda babu kwalta a kansa sai ciyawa, ta zauna a mota tana saƙa har a gama. Ran nan mai koyarwar ya leƙo ya ce kujerar baya ba kowa, ta zo ta ga abin da 'yarta ke yi. Ta shiga da zarenta da kwarashinta. Da suka ɗaga ta leƙa ƙasa, ta hangi rufin kicin ɗin da take wuni a cikinsa kullum bai fi tafin hannunta ba, ga tsaunuka a jere bayan tsaunuka har iyakar gani. Asabar ta gaba a gida ta bar saƙar.

Shekararta arba'in da huɗu a lokacin. Britta ta riga ta samun lasisi da wata bakwai, kuma har yau tana yi mata gori. Marlys ta faɗi jarrabawar farko ne saboda ta tsaya musu da mai jarrabawar a kan inda iska ke kaɗowa. Ita ce da gaskiya, in ji ta, amma shi ne da biro.

Daga baya ta mallaki wani tsohon jirgi mai kujera biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, wanda ya girme ta da shekara uku. Launinsa ya sa mutanen gari suka raɗa masa suna Kabewa, sunan kuma ya bi shi. Mijinta Orrin, mai haƙa rijiyar burtsatse, shi ke wanke Kabewa duk Lahadi, ya goge farfelar har ta yi ƙyalli, amma bai taɓa yarda ya zauna ciki ba. In an tsokane shi sai ya ce, "Ni aikina ƙasa ya nufa, nata sama. A tsakiya muke haɗuwa mu ci abinci."

Da ta ajiye aikin makaranta sai Alhamis ta zama ranarta. Bayan tsaunin Sawback akwai gidaje shida na tsofaffin makiyaya a wani lungu da ake kira Elk Fork. A mota tafiyar awa biyar ce ta zagaye, a Kabewa minti talatin da biyar. Takan kai musu magungunansu da wasiƙu da batir na na'urar ji, da kek ɗin tuffa in ta ga dama, ta dawo da ƙwai da gulma.

Daga tsakiyar Yuli kowa a kwarin ya san abin da ake jira. Ciyawa ta bushe, gandun daji ya yi ƙayau, sai tsawa ba ruwa. A irin wannan lokacin Marlys ba ta taɓa jirginta sai ta buɗe taswira a waya ta duba ko an zana jar da'ira a wani wuri. Duk inda wuta ta tashi, hukumar jiragen sama kan rufe sararin wurin na ɗan lokaci, mil kaza ta kowane gefe, ƙafa dubu kaza zuwa sama, don jiragen kashe gobara su yi aikinsu ba tare da wani ya faɗo tsakaninsu ba. Shekara da shekaru tana kewaye irin waɗannan da'irori tana wucewarta. Ba ta taɓa kawo wa ranta cewa wata rana za a zana ɗaya a kan gidanta ba.

Ran shida ga Agusta tsawa ta faɗa kan Sawback. Washegari da hantsi hayaƙi ya tokare sama, rana ta koma ja kamar garwashi. Da Marlys ta buɗe taswira sai ta ga da'irar ta haɗiye tsaunin da rabin kwarin, ta haɗa har da filin jirginsu. Kafin tsakar rana gunduma ta miƙa filin ga jirage masu saukar ungulu, aka ce kowa ya kulle nasa a rumfa sai abin da hali ya yi.

Da la'asar Britta ta bugo. Ta kai shekara talatin da takwas yanzu, kuma ita ke tuƙa ɗan jirgin da ke shawagi can bisa wutar, ɗauke da jami'in da ke gaya wa manyan jiragen da ke ɗauke da ruwan maganin kashe wuta inda za su zuba da lokacin da za su shigo.

"Mama, kin ga taswira?"

"Na gani. Wa ya zana wannan abin? Hannunsa na rawa ne?"

"Ba ni na zana ba, amma ni ce a ciki. Saboda haka ki yi zamanki a ƙasa."

"Ji yarinya. Ni da na goye ki."

"Kin goye ni a ƙasa. Sama kuwa na riga ki da wata bakwai."

Marlys ta kashe wayar tana dariya, amma da ta juya ta dubi tagar kicin ta ga hayaƙin, sai ta daina dariyar.

Matuƙan garin su bakwai ne, duk tsofaffi, kuma duk suka rasa abin yi da kansu. Kowace safiya sai su taru a rumfar Kabewa, su jera kujeru a bakin ƙofa, suna shan kofi suna kallon masu saukar ungulu na ɗibar ruwa a kogi da manyan guga. Kowa ya zama gwani. Wannan ya ce wancan yaron ya cika saurin juyawa, wancan ya ce da shi ne da ta yamma zai ɓullo wa wutar. Marlys ta gaji da zaman banza tun kwana na biyu, ta koma kicin ta shiga gasa burodin kirfa tire-tire tana kai wa ma'aikatan filin. Ba a yi kwana huɗu ba sai da ta san sunan kowa, da wanda matarsa ke da ciki, da wanda ba ya cin gyaɗa. Saƙon Elk Fork kuwa Orrin ya ɗauka a akori-kurarsa ya yi zagayen awa biyar, ya dawo yana cewa tsofaffin ko sannu ba su yi masa ba, tambayarsu ɗaya ina kek.

A cikin masu zaman rumfar akwai Dell Ochoa, makiyayi ɗan shekara sittin da bakwai, dogo siriri mai taurin kai. Tun suna aji ɗaya a firamare shi da Marlys ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, kuma ba su taɓa yin mako ba su gaisa ba. Shanunsa tamanin da shida suna can makiyayar bazara a bayan Sawback. An datse hanyar hawa tun ranar farko, ba wanda ya san ko suna raye. Jirginsa kuma ba a filin gari yake ba, a gonarsa yake, inda ya share wani miƙaƙƙen fili tsakanin shinge biyu yana tashi daga nan.

Kwana na shida Dell ya zauna har kofinsa ya huce a hannu. Can ya ce, kamar mai magana da kansa, "Minti goma ne fa. In mutum ya tashi gari na wayewa, ya bi ta kwazazzabo ƙasa-ƙasa, ya leƙa ya dawo, kafin su gama karin kumallo ya sauka."

Marlys ta dube shi, ta ci gaba da yanka burodi.

Washegari gari na soma haske Dell ya turo jirginsa daga rumfa, ya zagayo da shi bakin filin. Sai ya tarar da akori-kurar Orrin a gicciye a tsakiyar hanyar tashi. Marlys na zaune a bayanta, ƙafafu na lilo, ga filas ga kwano a rufe.

"Ina kwana, Dell."

"Marlys, gonata ce wannan."

"Na sani. Kyakkyawar gona. Zo ka sha kofi."

"Janye motar nan."

"Ta mutu."

"Ƙarya kike yi."

"Ƙarya nake yi," ta ce, "amma makullin na cikin rigata, sai ka zo ka ɗauka in ka isa."

Dell ya cire hularsa ya maka a cinya, ya zagaya motar sau biyu, ya ce tun tana yarinya haka take, shisshigi a jininta yake. Ta bar shi ya gama. Sannan ta ce masa ya zauna, da muryar nan da ta zaunar da yara shekara talatin da ɗaya, ya kuwa zauna.

"Kai ka san abin da ke faruwa in baƙon jirgi ya shiga da'irar nan," ta ce. "Ba korarka za su yi ba. Janyewa za su yi, dukansu, har sai sun tabbatar ka fita. Shekaranjiya waccan Britta ta ba ni labarin wata wuta da suka yi aiki a kanta bara waccan. Wani ya shigo ɗaukar hoto, aka dakatar da komai minti hamsin. A cikin minti hamsin ɗin wutar ta tsallake titi. Akwai mutum ashirin a ƙasa da gatari suna jiran ruwan da bai zo ba."

"Ni ba hoto zan ɗauka ba."

"A cikin hayaƙi wa ya san abin da ka je yi? Kuma 'yata na can sama, Dell. Ba ta ganin ka, ba ka ganin ta."

Ya juya hular a hannu. Da ya buɗe baki muryarsa ta sauka. Ya ce shanun nan kakannin kakanninsu mahaifinsa ne ya hau da su tsaunin. Akwai wata tsohuwar saniya mai karyayyen ƙaho da ya shayar da kwalba a kicin ɗinsa shekara goma sha huɗu da suka wuce. Ya ce kwana shida ke nan ba ya iya cin abinci, rashin sanin ne ke cin sa.

Marlys ta buɗe kwanon ta miƙa masa burodi, ta zaro waya. Ta san a wannan lokacin Britta na duba jirginta kafin tashin farko.

"Mama, lafiya da sassafe haka?"

"Lafiya. Ina zaune a filin Dell ne, ina hana shi zama shashasha. Shanunsa na bayan Sawback. In kin bi ta can ki leƙa."

"Mama, ba kiwo aka ɗauke ni ba. Ba inda na ga dama nake bi ba." Sannan ta ce, "Ba shi wayar."

Britta ta tambaye shi yawansu, da launinsu, da inda suka saba kwana, da inda suke shan ruwa. Ta ce ba ta yi alkawari ba, amma za ta gaya wa jami'in da take ɗauka, domin su ma suna son sanin inda dabbobi suke kafin su yanke shawarar ta inda za su tare wuta. Kafin ta kashe ta ce, "Kawu Dell, da tun ranar farko ka zo ka faɗa, ai da an rubuta."

Dell ya mayar da wayar yana ƙunƙuni cewa bai san ana haka ba. Marlys ta ce ai bai taɓa tambayar kowa komai ba tun da aka haife shi. Ba ta janye motar ba sai da ya mayar da jirgin rumfa ya sa kwaɗo.

Wajen ƙarfe ɗaya saƙo ya shigo. An hangi garken a bakin wani ɗan tafki ta arewa, cikin fadama mai ɗanyar ciyawa, mil biyu daga wutar, suna kwance suna tuƙa kamar ba abin da ya shafe su. Marlys ta karanta wa 'yan rumfa da ƙarfi. Dell ya tashi ya fita waje ya daɗe yana duban tayar motarsa, ba wanda ya bi shi.

Shugaban aikin kashe wutar ya ba da izini a hau washegari ta hanyar arewa a koro su, da rakiyar ma'aikaci ɗaya mai oba-oba, da sharaɗin a sauko kafin iskar rana ta taso. Dell na buƙatar mahaya. Orrin ya ce zai je. Marlys ta ce ita ma, tunda ita ta jawo maganar. Rabonta da doki shekara ashirin da biyu. Aka ba ta wata goɗiya da aka ce ba ta da fitina, ta kuwa gano cewa goɗiyar ba ta da fitina ne saboda ba ta jin umarnin kowa, inda ta so take bi. Suka hau cikin hayaƙi, ƙyalle a ɗaure a hanci, toka na sauka a kafaɗunsu. A bisansu manyan jiragen na wucewa ɗaya bayan ɗaya, ƙasa-ƙasa har ana jin rugugin a ƙirji. Marlys ta ɗaga kai ta ga yadda suke fitowa daga hayaƙin ba zato, ta dubi Dell. Shi ma sama yake kallo, sannan ya kawar da kai.

Saniya mai karyayyen ƙaho ce ta fara jin kiransa ta miƙe, sauran suka biyo ta. Suka sauko da tamanin da uku, uku ba a gan su ba. A gindin tsauni sai da Orrin da ma'aikacin suka haɗu suka sauko da Marlys daga kan goɗiyar, ƙafafunta sun ƙi haɗuwa. Kwana uku a tsaye ta ci abinci, 'yan rumfa kuwa suka sami abin yi, kowa ya shigo sai ya jawo mata kujera da ladabi ya ce ta zauna mana.

Sauran kwanakin suka ja jiki. Da'irar kan matsa gabas yau, gobe ta faɗaɗa, Marlys na duba ta safe da yamma kamar mai jinya. Britta ta sami hutun kwana biyu ta zo gida, ta yi barcin awa goma sha ɗaya, ta cinye rabin kaza, ta koma. Ran ashirin da takwas ga wata aka wayi gari da yayyafi, ya wuni yana zuba, ƙwanƙolin Sawback ya yi fari da dusar ƙanƙara. Kwana biyu bayan haka masu saukar ungulu suka kwashe kayansu. Marlys ta buɗe taswira ta ga babu ja ko ɗigo a kan kwarin. Ta rufe ta sake buɗewa don ta tabbatar.

Kwana ashirin da uku Kabewa ya yi a kulle. Ta duba shi daga farfela har wutsiya, ta fitar da sheƙar ɓera daga ƙarƙashin kujera, sannan ta buga wa Dell ta ce in yana son neman shanunsa uku ya zo ya hau baya, amma bakinsa a rufe.

Suka tashi da hantsi, iska garau. Da suka haye tsaunin sai suka ga ɓarnar. Gefen kudu ya ƙone ƙurmus, itatuwa a tsaye baƙi ƙirin ba ganye, mil bayan mil. Nan ne mahaifinta ke kai ta tsinkar 'ya'yan itace tana ƙarama. Ta ji idonta ya ciko, ta share da bayan hannu. Amma ta arewa dajin na nan kore shar, ana ganin jan layin maganin da jirage suka zuba, daidai inda wutar ta tsaya.

Sau uku suka zagaya tafkin ba su ga komai ba. A hanyar dawowa Marlys ta karkata ta bi ta kan Elk Fork don ta kaɗa wa tsofaffin fiffike su san ta dawo. A nan, cikin gonar ciyawar wata gwauruwa, ta hangi jajayen shanu uku sun dage suna ci.

"Ga 'yan gudun hijirarka can," ta ce.

"Na riga ki gani," in ji Dell daga baya.

"Da wane idon?"

"Tun daga kan tudu na gan su. Na bari ne in ga ko har yanzu kina gani."

Ta sauke Kabewa a ɗan filin Elk Fork, tayoyin suka taɓa ciyawa ba ko girgiza. Kafin farfelar ta tsaya tsofaffin sun fara fitowa, wani da sanda, wata da kwandon ƙwai. Gwauruwar ce a gaba, hannu a ƙugu, tana tambayar na wane ne shanun da suka kwana goma sha biyu suna cinye mata ciyawa. Marlys ta buɗe ƙofa ta nuna kujerar baya da babban yatsa, ta ce ga mai su nan ta kawo mata har gida, ta yi da shi a hankali don bai daɗe da fara cin abinci ba. Ita kuwa ta sauka ta shiga sauke kaya.